Kalmar da Ruwaida Ta Tsallake

Saint-Fons, 12 ga Fabrairu, 2007

Zuwa ga ƙanwata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Paris? Matar yayanki Leïla tana gaishe ki. Ƴarmu Lina ta fara rarrafe, ba abin da take bari a ƙasa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Wayata ba ta da kyau kwanakin nan, kuma maganar ma ba ta waya ba ce.

Kin tuna Baturen Ingila da na ba ki labari, Colin, mai fitar da faifan makaɗa a Landan, wanda ya ji ni ina kaɗa gurumi a bikin kiɗan bara nan Lyon, ya ba ni adireshinsa? To, ni da abokina Abdourahamane mai jita mun ɗauki waƙoƙi shida a ɗakinsa na Bron, huɗu a watan Satumba, biyu a Disamba, muka aika masa. Ranar Alhamis amsa ta zo, shafi ɗaya da rabi, da Ingilishi. Rubutun hannunsa ya cakuɗe, ba na iya karanta yawancinsa. Amma ya ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi, su na bi ɗaya bayan ɗaya da ƙamus ɗin da kika bari a gidan nan.

Ga abin da na samu. Ya ce gurumina "sick" ne. Ƙamus ya ce mara lafiya. Ya ce kiɗan "wicked" ne, wato mugu. Sautin tsirkiyata "dirty", mai datti. Waƙa ta biyu "heavy", mai nauyi. Ta uku kuwa, wadda na yi wa Inna bayan rasuwarta, ya kira ta "killer". Mai kisan kai, Ruwaida. Ban san abin da na yi wa mutumin nan ba. Da ya ce ba ya so, da ya wadatar.

Kalma ɗaya ce kawai ba zagi ba. Kan waƙoƙi biyu na ƙarshe ya rubuta "flat". Ƙamus ya ce shimfiɗaɗɗe, wanda ba gargada, ya kuma ce gidan haya. Na ɗauka yana nufin su biyun nan sun tafi sumul. Su kaɗai suka tsira.

Shekarata talatin da shida. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ƙasar nan. Karatun da ya kawo ni ban gama shi ba, kin sani. Shekara bakwai ina tsaye gaban injuna a masana'anta, kuma abin da ke riƙe da ni a tsaye shi ne in na tashi aiki akwai gurumi a gida. Kawu Hassoumi da ya koya mini a Damagaram ya taɓa cewa hannuna ya fi nasa. Yau na zauna ina tunanin ko tausayina ne ya ji.

Na naɗe gurumin cikin zane na ɗora shi saman armuwar, kabad ɗin tufafinmu. Leïla ta tambaye ni, na ce saboda yarinya ne. Abdourahamane ban gaya masa amsa ta zo ba, shi ma ba Ingilishin yake ji ba.

Ga takardar nan na haɗo miki. Ke ce kike karatun fassara. Ki fassara mini ita duka, daga farko har sa hannu, kada ki sassauta ko kalma ɗaya. Ina so in san iyakar abin da aka ce da ni, sannan in rufe maganar.

Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Yayanki,
Ilya

*

Belleville, 16 ga Fabrairu, 2007

Yaya Ilya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da matar Yaya da ƴata Lina. Lafiyata lau.

Kafin ka ci gaba da karatu, tashi ka sauko da gurumin nan.

A cikin metro na buɗe takardarka. Na fara da kuka, na ƙare da dariya, har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici ba ta san wanne za ta share ba. Yaya, ba zagin ka mutumin nan ya yi ba. Yabon ka ya yi, irin yabon da ban taɓa ganin Bature ya yi da rubutu ba.

Ƙamus ɗin nan bai yi ƙarya ba, amma Ingilishin makaranta ya sani. Makaɗa da samarin Landan suna da nasu, suna juya kalma ta koma kishiyarta. Mu ma muna yi. In Kawu Hassoumi ya ji yaro ya yi kiɗan da ya ratsa shi, me yake cewa? "Kai, yaron nan mugu ne." Ka taɓa jin uban yaron ya kai ƙara? To "wicked" ke nan. "Sick" ma haka, abin da ya yi kyau har ya wuce misali. "Dirty" kuwa, a bakin masu kiɗa, sauti ne mai ɗan kaushi da ƙura a jikinsa, wanda inji bai wanke shi ya kashe masa rai ba. Ya ce shekara da shekaru yana neman irinsa. "Heavy" shi ne kiɗan da mutum ke ji a ƙirji kafin ya ji a kunne. Waƙar Inna da ya ce "killer", nufinsa ita ce ta fi duka, ita za a sa a farkon faifai. Ya ce bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, amma ya tsayar da motarsa a gefen hanya har ta ƙare.

Akwai wata da ba ka ma gani ba, "tight". A ƙamus matsattse ne. A nan yana nufin kai da Abdourahamane kuna tafiya tare kamar hannu ɗaya ke kaɗa ku.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ba ta da layi a ƙarƙashi shi ya sa ta wuce ka. Zai zo Paris a watan Afrilu. Ya kama studiyo na kwana uku, daga Litinin 16 ga wata. Yana so ku zo kai da Abdourahamane a ɗauki waƙoƙin da kayan aiki na gaske. Yana jiran amsa kafin ƙarshen watan nan. Na riga na rubuta masa cewa kuna zuwa. In na yi azarɓaɓi ka yafe mini, amma na san ka, da sai ka yi wata guda kana shawara.

Ɗakina ƙarami ne, amma akwai katifa ta biyu. Ni zan zama tafintarku. Sauran abin da ke cikin takardar ƴan maganganu ne na aiki, sai ka zo.

Na kira ka sau huɗu jiya ba ka ɗauka ba. Ka gyara wayar nan don Allah.

Ƙanwarka,
Ruwaida

*

Saint-Fons, 4 ga Maris, 2007

Ruwaida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na sake karantawa a kan matakala, sannan na shiga na karanta wa Leïla. Ita ta hau kujera ta sauko da gurumin. Na nemi hutun mako guda a wurin aiki, shef, wato shugabanmu, ya sa hannu. Na aika wa Kawu saƙo ta hannun wani mai tafiya gida.

Sai dai abu biyu suna damuna.

Na farko Abdourahamane. Asabar da Lahadi muna gwaji a Bron, kuma ya ɗauko wani hali. Ina cikin waƙa sai ya tsaya ya ce, "Ilya, sake ɗaure tsirkiyar nan." In ɗaure, ya ce ba ta zauna ba. Jiya har ya karɓi gurumin daga hannuna zai gyara mini. Na ce masa, "Tun kana wasan ƙasa nake ɗaure tsirkiya." Ya ce, "Ba gardama nake ba, amma muryarka ma tana zamewa." Na naɗe kayana na fito. Shekara tara muna tare bai taɓa gaya mini haka ba, sai yanzu da Bature ya yabi gurumi fiye da jita. Ban so in zarge shi, amma me zan ce?

Na biyu ke. Na ce ki fassara duka. Kin bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya kin warware mini su, amma kin tsallake "flat". Na duba takardarki sau uku, babu ita. In ita ma yabo ce ta samarin Landan, ki gaya mini, don in san yadda zan rera sauran waƙoƙin su yi kama da biyun ƙarshe. Saura mako shida.

Ki gaida mutanen gidanku.

Yayanki,
Ilya

*

Saint-Fons, 9 ga Maris, 2007

Ruwaida, ƙanwata,

Salam. Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni, ban saba rubuta ta ba. Amma in na rubuta da Faransanci zan yi ta kewaye-kewaye, kuma ba ni da lokaci. Yayanki bai san na rubuto ba.

Wayarsa lafiyarta lau. Ni nake amfani da ita. Shi ne ba ya ji.

Tun wajen Oktoba na fara lura. Lina tana kuka a ɗaki, yana zaune a falo, bai motsa ba. Na ɗauka gajiya ce. Muryar talabijin sai ya ƙure ta har maƙwabciya ta buga bango. In na yi magana ta hagunsa ba ya juyowa. In na yi ta gabansa, bakina yake kallo, ba idona ba. Na ce mu je asibiti, ya ce mura ce.

Shekaranjiya ina wanke rigar aikinsa na samu takarda a aljihu, ta likitan wurin aikinsu, tun watan Janairu. An auna kunnensa. Na hagu ya lalace sosai, na dama ya fara. Likita ya rubuta a tura shi wurin babban likitan kunne, urgent, da gaggawa, kuma a ɗauke shi daga ɗakin injuna. Bai je ba. Bai kai wa shef takardar ba. Kullum yana komawa cikin ƙarar nan awa takwas.

Na je Bron wurin Abdourahamane. Mutumin nan ya zauna ya rufe fuska da hannu. Ya ce, "Leïla, ba hassada nake ba, wallahi. Yana rera ƙasa da kiɗan, kuma bai sani ba. A da shi ke gyara ni." Ya sa mini waƙar Satumba da ta Disamba. Ni ban san kiɗa ba, amma na ji. Kamar mutum biyu.

Ruwaida, kalmar nan da yake ta tambaya. Kullum sai ya ce kin manta da ita. Ni ban yarda kin manta ba. Ke ba kya manta kalma. In abin da nake zato ne, je t'en supplie, ina roƙonki, ki gaya masa. Ni in na faɗa zai ce na haɗa kai da Abdourahamane. Ke ce kaɗai yake yarda da ke yanzu, don ke kika ba shi labari mai daɗi.

Ina tsoro ya je Paris ya tsaya gaban mutane ya ji daga bakin baƙo. Ina kuma tsoro in ya ji daga bakinki ya ƙi zuwa. Ban san wanne ya fi ba. Amma kunnen dama nake so a ceta.

Ki amsa masa shi, ba ni ba.

Leïla

*

Belleville, 13 ga Maris, 2007

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali.

Ban manta ba. Tsallakewa na yi da gangan, kuma na yi laifi. Ka ce kada in sassauta, na sassauta. Na ga yadda takardarka ta farko take, na ce bari in ba ka farin cikin tukuna. Daga baya na rasa ta inda zan fara.

"Flat" ba ta cikin maganar samari. Ita kaɗai ce a takardar nan da ya yi amfani da ita a ma'anarta ta aiki, wadda kowane malamin kiɗa ya sani. In murya ko tsirkiya ta sauka ƙasa kaɗan da inda ya kamata ta tsaya, ita ce "flat". In ta haura sama kaɗan, "sharp". Abin da Faransawa ke cewa chanter faux.

Ga maganarsa yadda take, ban rage ba, ban ƙara ba: "A waƙoƙi biyu na ƙarshe muryar ta sauka ƙasa da kiɗan tun daga farko har ƙarshe, gurumin ma haka. Abin ya ba ni mamaki, don a huɗun farko ba ka da kuskure ko ɗaya. Ko ba ka da lafiya ne ranar? Za mu sake su."

Lokacin da na karanta, na ɗauka mura ce ko gajiya. Yanzu na san ba haka ba ne. Na san zancen takardar likita. Kada ka yi fushi da wanda ya gaya mini, don sonka ne ya sa. Abdourahamane kuma gaskiya yake gaya maka, kuma ya fi ni ƙarfin hali, don shi a gabanka ya faɗa.

Yaya, ka je wurin likitan kunne a makon nan. Ka kai wa shef takardar. Zancen Paris mu ajiye shi gefe tukuna, ba shi ne a gabana ba.

In ka ga dama ka zage ni, amma ka amsa.

Ƙanwarka,
Ruwaida

*

Saint-Fons, 27 ga Maris, 2007

Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, gwargwadon hali.

Kwana uku ban yi wa Leïla magana ba. Ke ma na rubuta miki takarda biyu na yaga. Ba zagin ki zan yi ba. Wata guda kika bar ni ina yawo da kalmar nan a baki ina alfahari da ita. Har a wurin aiki na gaya wa wani cewa Bature ya ce muryata "flat" ce. Allah Ya sa bai san Ingilishi ba.

Amma ni ma na ɓoye, kuma nawa ya fi naki daɗewa. Tun bayan azumi akwai wani fito a kunnena na hagu, siriri, kamar butar shayi a wani ɗaki. Ba ya tsayawa. Da shi nake salla, da shi nake cin abinci. Na ce zai wuce.

Na koma Bron. Ban ba Abdourahamane haƙuri da baki ba, na dai miƙa masa gurumin. Yana da wata ƴar na'ura mai allura, in sauti ya zauna daidai allurar takan tsaya a tsakiya. Ya ce, "Ɗaure yadda kunnenka ya ba ka." Na ɗaure har na ji ta zauna, zaman da na sani tun ina ɗan shekara tara. Na kaɗa. Allurar ta kwanta hagu. Ya karɓa ya ɗaure har ta tsaya a tsakiya, ya miƙo mini. Na kaɗa, na ji ta karkace, kamar gurumin wani. Na ce, "Wannan ce daidai?" Ya ce, "Ita ce." Can ya tashi ya ɗora ruwan shayi, don kada in ga fuskarsa.

Na je wurin likitan kunne ranar Alhamis, Leïla ta raka ni. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce kunnuwana biyu ba sa jin sauti ɗaya iri ɗaya yanzu, kowanne da abin da yake gaya mini, shi ya sa nake bin wanda ya ɓace. Na tambaye shi ko na'urar da ake sawa a kunne za ta gyara. Ya ce za ta taimaka in ji magana, in ji kukan ƴata. Na ce, "Waƙa fa?" Ya ɗan daɗe yana duba takardunsa, sannan ya ce bai iya yi mini alkawari ba.

Na kai wa shef takardar. An ɗauke ni daga ɗakin injuna, ina gida yanzu, ana duba ko akwai wani gurbi. In babu, babu.

Da makanta ce ta same ni, da na ci gaba da kiɗa. Da ƙafa ce, da na zauna na kaɗa. Abu ɗaya nake da shi a duniya wanda ba na roƙon kowa, shi aka taɓa. Kuma sai a shekarar da aka ce in zo.

Ga abin da nake so ki yi mini. Ki rubuta wa Colin ki ce ba zan samu zuwa ba. Ki ce aiki ne ya hana, ko rashin lafiyar iyali, duk abin da ya yi miki sauƙi. Kada ki ambaci kunne. Ina so ya ci gaba da riƙe ni a matsayin mutumin da ya ji a waƙoƙi huɗun farko. Wannan kaɗai ya rage mini, kada ki ɓata shi. Kawu kuma ni zan san abin da zan gaya masa.

Kada ki zo Lyon. Ba na son a zauna ana kallona.

Yayanki,
Ilya

*

Belleville, 3 ga Afrilu, 2007

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu. Allah Ya sa kaffara ne.

Na rubuta wa Colin, amma ba abin da ka ce ba. Na zauna zan yi ƙaryar, na kasa. Sau ɗaya na ɓoye gaskiya a maganar nan, ka ga abin da ta jawo. Na gaya masa komai: injuna, fiton, allurar, abin da likita ya ce. Na san na saɓa maka. In ka yanke ni saboda wannan, zan ɗauka.

Ya amsa washegari. Ga fassarar, duka, har abin da ba za ka so ba.

Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce ba zai yi maka ƙarya ba, in muryar ta fita kamar ta Disamba ba zai sa ta a faifai ba. Amma ya ce abin da ya tsayar da shi a Lyon hannunka ne, kuma hannu ba ya cikin kunne. Abdourahamane zai ɗaure maka tsirkiya kafin kowace waƙa, kai kuma ka kaɗa yadda yatsunka suka sani. Muryar za a gwada, da kiɗan a kunnenka na dama kaɗai. In ta zauna, to. In ba ta zauna ba, kai za ka zaɓi wanda zai rera, kai za ka koya masa, kuma sunanka ne a kan waƙoƙin. Ya ce bai soke studiyon ba, ba kuma zai soke ba. Zai kasance a can ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Ba zan ce maka abin zai yi daɗi ba. Wataƙila ka tsaya gaban mutane ka ji abin da kake gudu. Amma likita da kansa bai san yadda kunnen dama zai kasance baɗi ba. Waƙoƙin nan a kanka kaɗai suke, Yaya. Ta Inna ko ni ban haddace ta duka ba. In ba a ɗauke su bana ba, ban san yaushe ba.

Akwai jirgin ƙasa da ke isowa Paris ranar Lahadi 15 ga wata da ƙarfe huɗu na yamma. Zan tsaya a tasha. Ba sai ka amsa ba.

Ƙanwarka mai laifi,
Ruwaida

*

Belleville, 18 ga Afrilu, 2007

Matar Yaya,

Salam. Ina gaishe ki da Lina. Na rubuto ne don in na kira ki kuka zan yi, ba za ki fahimci komai ba.

Gurumin ya shiga faifai, waƙoƙi shida duka, cikin kwana biyu. Colin bai sa an sake ko ɗaya fiye da sau biyu ba.

Yau aka gwada murya. Da waƙar Inna ya fara. Sau tara ya rera. Bayan na tara Colin ya tsayar da na'urar ɗauka. Yaya bai dube shi ba, ni ya duba ta cikin gilashin ɗakin ɗaukar murya. Na girgiza masa kai.

Ya cire abin sauraren daga kunnensa ya rataye. Sannan ya buɗe ƙofa ya ce, "Abdourahamane, ajiye jitar nan ka zo." Ya zaunar da shi, ya kama hannunsa ya ɗora a kan nasa maƙogwaron, ya fara ba shi baitin farko.

Na fito na bar su a baiti na uku. Jirginsu gobe ne da rana. Ki tare shi a tasha, kada ki tambaye shi komai.

Ruwaida